TDAH a Abijan: yadda ake gano ta, da yadda ake kare sirrin majinyaci

Yaron da ba ya iya zama wuri guda a aji, ko magidancin da kullum yake mance alkawari, sau da yawa ana ɗora musu taurin kai. Wani lokaci kuwa larura ce ta kasa tattara hankali, wadda likitoci ke kira TDAH.

Gwajin jini ba ya nuna ta. Likitan ƙwaƙwalwa ne ke tattaunawa da mutum da danginsa, ya duba ko alamun sun fara kafin shekara 12, kuma suna bayyana a gida da makaranta ko wurin aiki. Cibiyar INSP da ke Adjamé na da sashen lafiyar ƙwaƙwalwar yara. Masu hali kan je asibitin kuɗi.

Maganin methylphenidate na cikin ƙwayoyin da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta tsaurara sayar da su. Sai da takardar likita, a farmasi, ba a kasuwar Roxy ba.

Likita ba shi da damar faɗa wa makaranta ko shugaban ma'aikata ba da izini ba. Dokar 19 ga Yunin 2013 ta kare bayanan lafiya, hukumar ARTCI ke karɓar koke. Sai dai idan inshora ce ke biya, takardun magani na bi ta hannunta. Mai gudun hakan sai ya biya daga aljihunsa.