Dubai: Hangen Dala ba shiga birni ba ne

Duk wanda ya zauna a ɗakin kwanan ɗalibai ya san inda hira ke karkata idan dare ya yi. A fara da ƙwallo, a gangaro kan malamin da ya matse maki, daga nan sai wani ya miƙo waya ya ce, ku duba inda mutane ke rayuwa. Abin da ke cikin wayar bai cika canzawa ba: dogayen benaye na gilashi, mota mai buɗaɗɗen sama, matashi sa'anmu sanye da agogon da kuɗinsa zai biya wa ajinmu duka kuɗin rajista. 'Yan kudu na kiran wannan buri “japa”, kalmar Yarabanci da ke nufin a tsere. Mu a nan cewa muke “a fece kawai”. Kuma a cikin garuruwan da ake mafarkin fecewa zuwa, da wuya a samu wanda ya kai Dubai farin jini a wajen matasan Arewa.

Dalili a fili yake. Tun muna yara muke jin sunan garin a bakin iyayenmu mata: zinaren Dubai, abayar Dubai, turaren Dubai, akwatin lefen da aka haɗo daga can. 'Yan kasuwar Kantin Kwari da masu sayar da waya a Farm Centre sun daɗe suna zuwa saro kaya a unguwar Deira. Ga shi ƙasar Musulmi ce, ana jin kiran salla, abinci halal ne, ba sanyin ƙanƙara irin na Kanada ko Ingila. Sai matashi ya ga tamkar gida ne da aka yi wa kwaskwarima.

Abin da ke jan hankali

Ba ƙarya ba ne, garin ya ginu. Kafin a gano man fetur a 1966, Dubai ƙaramar tashar jiragen ruwa ce ta masunta, masu nutso neman lu'ulu'u da fatake. A 1971 ta haɗu da maƙwabtanta suka kafa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda a yau ta ƙunshi masarautu bakwai. Da yake man Dubai bai da yawa kamar na Abu Dhabi, sarakunanta sun zuba kuɗin a abin da zai jawo duniya ta zo gare su: tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali a 1979, kamfanin jiragen sama na Emirates a 1985, jirgin ƙasa marar direba a 2009, sannan Burj Khalifa mai tsawon mita 828 da aka buɗe a 2010, ginin da ya fi kowane tsawo a duniya. A 2024 kaɗai baƙi fiye da miliyan 18 ne suka ziyarci birnin.

Ga wanda ya taso da ɗauke wuta da layin mai da yajin aikin ASUU, abubuwan da suka fi burgewa ma ba benayen ba ne. Wuta ba ta ɗaukewa, famfo na zuba, mutum na iya yawo da tsakar dare ba tare da fargabar masu ƙwacen waya ba. Gwamnati ba ta cire harajin albashi. Kuɗinsu, dirhami, an ɗaure shi da dalar Amurka a kan dirhami 3.67 duk dala ɗaya, don haka ba ya narkewa a aljihu kamar yadda naira ta yi bayan an sake ta a watan Yunin 2023. A lokacin da dala ke kan naira 1,500, albashin dirhami 1,500 ya haura naira dubu 600, wato ya ninka mafi ƙarancin albashin Najeriya na naira dubu 70 fiye da sau takwas. Wannan lissafin shi ne ke hana matasa da dama barci.

Gari ɗaya, rayuwa biyu

Sai dai lissafin bai cika ba, domin wanda ke karɓar dirhami da dirhami yake kashewa. Kusan kashi 9 cikin 10 na mazauna ƙasar baƙi ne, akasarinsu daga Indiya, Pakistan, Bangladesh da Filifin, kuma yawancinsu ba su ne muke gani a Instagram ba. Su ne masu gini, masu gadi, masu shara, direbobi, masu kai abinci a kan babur da 'yan aikin gida. Dubunnansu na kwana a sansanonin leburori irin na Sonapur da ke gefen birni, bas ta kwashe su da asuba, ta mayar da su da dare.

Wanda bai samu masaukin kamfani ba, abin da ya fi samu shi ne hayar gado, ba hayar ɗaki ba. A Deira da maƙwabciyarta Sharjah ana jera gadaje masu hawa biyu a ɗaki guda, mutum shida ko takwas ko fiye, kowa na biyan ɗaruruwan dirhami a wata don wurin kwanciya kawai. Wanda ke son gidan kansa kuwa, al'adar garin ita ce a biya kuɗin shekara da cek ɗaya zuwa huɗu. A cire kuɗin gado, abinci, mota, katin waya da harajin kaya na kashi 5 cikin ɗari da aka fara karɓa a 2018, sannan a tuna da mutanen gida da ke jiran aike saboda sun ji an ce ɗansu na Dubai. Abin da zai rage ba shi ne dubu 600 ɗin da aka lissafa a ɗakin kwana ba. Ƙasar kuma ba ta ƙayyade wa baƙi mafi ƙarancin albashi na bai-ɗaya ba. Abin da ka sa wa hannu shi ne naka.

Akwai kuma zafi. Da bazara yanayi kan haura digiri 45, ga laima da ke sa gumi ya ƙi bushewa. Abin ya kai gwamnati ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12:30 zuwa 3:00 na yamma, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba na kowace shekara. Mai yawon buɗe ido daga na'urar sanyaya ɗaki ta otal yake shiga ta mota. Lebura kuwa jikinsa ne ke gaya masa.

Bizar da ka shiga da ita

Abin da ke raba waɗannan rayuwa biyu, tun kafin mutum ya sauka daga jirgi, shi ne irin bizar da ke hannunsa. A nan ne matasanmu suka fi faɗawa rami. Wani “ejan” zai karɓi kuɗin da aka sayar da fili ko aka ranto, ya ce aiki na jira, alhali bizar ziyara ta kwana 30 ko 60 ya yi wa mutum. Doka ta haramta aiki da bizar ziyara. Idan wa'adinta ya ƙare, tara ce ta dirhami 50 a kowace rana. Wata ɗaya ya zama dirhami 1,500, wata shida ya zama 9,000. Daga nan mutum ya shiga wasan ɓuya da jami'an tsaro, ba aiki, ba kuɗin tara, ba kuɗin tikiti, ga kunyar a ji a gida.

Wanda ya samu bizar aiki ta gaskiya ma, zamansa a ɗaure yake da wanda ya ɗauke shi aiki, tsarin da ake kira kafala a ƙasashen yankin. An yi wa tsarin gyare-gyare, har da sabuwar dokar ƙwadago da ta fara aiki a watan Fabrairun 2022. A doka, mai gida ba shi da ikon riƙe fasfon ma'aikaci, kuma shi ne zai biya kuɗin ɗauko shi, ba ma'aikacin ba. Amma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam irin su Human Rights Watch sun sha kawo rahoton ƙwace fasfo da riƙe albashi, musamman a kan mata 'yan aikin gida da ke zaune a bayan ƙofar da babu mai leƙawa. Babu ƙungiyar ƙwadago, yajin aiki kuma laifi ne. Idan aiki ya ƙare, an soke biza, kwanaki ƙidayayyu ake bai wa mutum ya samu wani ko ya tattara.

Ko shekara 30 baƙo ya yi, baƙo ne. Haihuwa a ƙasar ba ta sa yaro ya zama ɗan ƙasa. Babu fansho ga baƙi, sai kuɗin sallama: albashin kwana 21 a kan kowace shekara cikin shekaru biyar na farko, kwana 30 a kan kowace shekara bayan nan. Mai son ɗauko matarsa da 'ya'yansa sai albashinsa ya kai dirhami 4,000, ko 3,000 tare da masauki, sannan ya shirya biyan makarantar kuɗi. Bizar zinare ta shekara 10 da aka ɓullo da ita a 2019 akwai ta, amma ta masu zuba jari ce, irin wanda ya sayi gidan dirhami miliyan 2, da ƙwararru irin likitoci da masana kimiyya.

Ƙofar kanta tana iya rufewa ba sanarwa. A watan Oktoban 2022 ƙasar ta daina bai wa 'yan Najeriya biza, Emirates kuma ya dakatar da zuwa Najeriya saboda kuɗaɗensa da suka maƙale. Sai a watan Yulin 2024 aka sanar da dawo da bizar, jirgin kuma ya koma sauka a Legas a watan Oktoba na shekarar. Kusan shekara biyu 'yan kasuwa da ma'aikata suna cikin rashin tabbas kan abin da ba su suka jawo ba.

Kitse ko rogo?

To, su waɗanda muke gani a waya fa? Wasu masu kuɗi ne na gaske, da kuɗinsu suka je. Wasu hutun mako ɗaya suka yi, suka ɗauko hotunan da za su yi wata shida suna sakewa. A Dubai ana ba da hayar Lamborghini na yini ɗaya da jirgin ruwan shaƙatawa na sa'a ɗaya, kuma hoto ba ya nuna rasit. Wanda ke kwana a gadon sama a Deira shi ma ranar hutunsa gaban Burj Khalifa yake zuwa ya ɗauki hoto, don hankalin mahaifiyarsa ya kwanta. Ƙaninsa a gida ya gani, ya fara neman ejan.

Wasu kuma labarinsu ya fi haka muni. Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, ya tara mabiya fiye da miliyan biyu a Instagram da hotunan motoci da jiragen haya. A watan Yunin 2020 'yan sandan Dubai suka kama shi, daga baya aka miƙa shi ga Amurka. Ya amsa laifin haɗa baki wajen halatta kuɗin damfara, kuma a watan Nuwamban 2022 wata kotu a Los Angeles ta yanke masa ɗaurin shekara 11 da wata uku. Matasa da yawa sun yi shekaru suna auna rayuwarsu da tasa, suna ganin sun gaza, ashe kallon kitse suke wa rogo.

Kafin ka sayar da filin gado

Wannan ba ya nufin kowa ya zauna a gida. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma kakanninmu fatake ne da suka yi fataucin goro da fata har Gwanja da Tarabulus. Kuɗin da 'yan Najeriya mazauna waje ke aikowa gida na kaiwa kusan dala biliyan 20 a shekara, suna biyan kuɗin makaranta da na asibiti a gidaje da dama. Akwai 'yan Najeriya likitoci, ma'aikatan jinya, injiniyoyi da masana kwamfuta da ke zaune a Dubai cikin mutunci. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne sun je da abin da garin ke nema, da takardun da aka tantance, da kwantiragi a hannu. Ma'aikacin lafiya, alal misali, sai ya samu lasisin hukumar lafiya ta Dubai kafin ya taɓa marar lafiya.

Don haka duk ɗalibin da ke da wannan niyya, akwai tambayoyin da ya kamata ya amsa kafin kuɗi su bar hannunsa. Wace irin biza ce, ta ziyara ko ta aiki? Ina takardar tayin aiki, da sunan kamfani da albashi da bayanin masauki a rubuce? Ejan ɗin yana da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya? Me ya sa yake neman kuɗin da doka ta ɗora wa kamfani? Idan aikin ya watse a wata na uku, akwai kuɗin dawowa? Duk wanda ya ce a yi sauri, a kuma ɓoye wa iyaye, to akwai lauje cikin naɗi, musamman idan 'ya mace ake yi wa tayin aikin gida. Hukumar NAPTIP, da aka kafa a 2003 don yaƙi da safarar mutane, tana karɓar irin wannan ƙorafi.

Mu da muke aji biyu ko aji uku a jami'a muna da abin da wanda ya riga ya maƙale a can ba shi da shi, wato lokaci. Kammala digiri, koyon sana'ar da ake biya a ko'ina, gyara Turanci, ƙara Larabci, su ne ke yanke hukuncin ko mutum zai shiga Dubai ta ƙofar ofis ko ta ƙofar sansanin leburori. Mutanen da suka ce hangen Dala ba shiga birni ba ne, dutsen Kano suke nufi, wanda matafiyi ke gani daga nesa alhali da sauran tafiya a gabansa. Maganar ta dace da dalar Amurka da muke hangowa a fuskar waya.