Makomar Tsofaffin Jiragen Ruwan Bama-bamai da Waɗanda Za Su Gaje Su

Gabatarwa

Idan aka ce jirgin yaƙi, mai sauraro yakan ɗauka duk abu guda ne, alhali kuwa masana harkar soja sun kasa su gida-gida. Akwai ƙanana masu zafin nama waɗanda ke artabu da 'yan'uwansu a sararin samaniya, akwai na jigilar dakaru da na leƙen asiri, sa'annan akwai manya masu cin dogon zango, waɗanda aka ƙera domin su ɗauki bama-bamai masu nauyi su kai su can cikin ƙasar abokan gaba. A kan waɗannan na ƙarshe ne wannan muƙala za ta yi bayani. Ƙasashe uku ne kaɗai suka rage da manyan irinsu, wato Amurka da Rasha da Sin, domin Birtaniya ta ajiye nata, ƙirar Vulcan, tun 1984. Nahiyarmu ma ta taɓa ganin aikinsu: a watan Fabrairun 1986 wani jirgin Libiya ƙirar Tu-22 ya jefa bama-bamai a filin jirgin saman Injamena, babban birnin Chadi.

Matsalar da ta haɗa ƙasashen uku ita ce tsufa. Yawancin waɗannan jirage sun girmi matuƙansu, kuma ƙera magadansu aiki ne mai cin kuɗi da shekaru.

Dattijon da ya ƙi ritaya

Kamfanin Boeing ne ya ƙera jirgin B-52 na Amurka. Ya fara tashi a 1952, ya shiga aiki a 1955, kuma an ƙera guda 744 kafin a rufe layin ƙirarsa a 1962. Wannan na nufin ƙaramin cikinsu ya haura shekara sittin. Guda 76 ne suka rage a hannun rundunar sojojin sama, kowanne da injuna takwas, yana iya ɗaukar makamai masu nauyin kimanin tan 31.

Ɗalibi zai yi tambaya, yaya aka yi ƙarfe ya jure wannan daɗewa? Amsar ita ce, tsufan jirgi ba da shekarun kalanda ake auna shi ba. Abin da ke cinye shi shi ne abin da injiniyoyi ke kira gajiyar ƙarfe. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta karye ya san abin da ake nufi. Haka fukafukan jirgi ke lanƙwasuwa su miƙe a kowane tashi da sauka da kuma duk lokacin da iska ta jijjiga su, har ƙananan tsagogi su fara bayyana. To, waɗannan jirage da suka rage sun shafe shekaru masu yawa na Yaƙin Cacar Baka a girke a ƙasa, ɗauke da makaman nukiliya, suna jiran umarnin da bai zo ba, har zuwa 1991 da aka janye wannan shiri. Zaman jiran ya adana musu ƙarfin jiki. Bugu da ƙari, an yi su da yalwar ciki, ta yadda duk sabuwar na'urar da zamani ya kawo takan sami wurin zama.

Inda tsufan ya kama su sosai shi ne injin. Injunan TF33 da suke ɗauke da su an daina ƙera su tuntuni, samun kayan gyaransu ya zama wahala. Saboda haka a 2021 aka bai wa kamfanin Rolls-Royce kwangilar dala biliyan 2.6 domin samar da sababbin injuna ƙirar F130 masu tsimin mai, guda 608 ban da na ajiya. Za kuma a sauya musu na'urar rada, a sake musu suna zuwa B-52J, da niyyar su ci gaba da aiki har cikin shekarun 2050. Aikin ya gamu da jinkiri da ƙarin kuɗi, amma idan ya tabbata, za a sami jirgin yaƙin da ya doshi shekara ɗari yana tashi. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai akwai abin da dattijon ba zai iya ba. A watan Disambar 1972 Amurka ta yi asarar B-52 guda 15 a hare-haren da ta kai Biyetnam ta Arewa, sakamakon makamai masu linzami da aka harbo daga ƙasa. Makaman kare sararin samaniya na yau sun fi na wancan lokaci nesa ba kusa ba. Don haka, idan da ƙasa mai ƙarfi ake yaƙi, aikinsa ya koma tsayawa daga nesa yana harba makamai masu linzami masu cin dogon zango, ba tare da ya kusanci iyaka ba.

Ƙannen da za su riga yayansu ajiye aiki

Abin mamaki shi ne, jiragen biyu da aka ƙera domin su gaji B-52 su ne za su riga shi tafiya. B-1B ya shiga aiki a 1986, an ƙera guda 100. Yana gudun da ya wuce na sauti, kuma fukafukansa suna buɗewa su naɗe. Yaƙe-yaƙen Afganistan da Iraƙi da Siriya sun sa an yi ta amfani da shi ba hutu, har jikinsa ya gaji. A 2021 aka ajiye guda 17, aka bar 45.

Labarin B-2 kuwa na kuɗi ne. Shi ne jirgin da aka yi wa siffa da shafe na musamman domin na'urar rada ta kasa gano shi, tamkar mai layar zana. An yi niyyar sayen 132, amma da Tarayyar Sobiyet ta wargaje aka tsaya a 21. Da aka raba kuɗin bincike da ƙira a kan wannan ɗan adadi, sai kowane ɗaya ya tashi a kan kimanin dala biliyan biyu. Ɗaya ya faɗi a tsibirin Guam a 2008, wani ya lalace a 2022, saura 19. Shafen jikinsa ba ya son zafi da laima, sai an ajiye shi a rumfuna masu sanyi, kuma gyaransa na cin lokaci. Duk da haka, a watan Yunin 2025 guda bakwai daga cikinsu suka taso daga jihar Misuri, suka yi tafiyar kimanin awa 18, suka jefa bama-bamai masu huda ƙasa, kowanne mai nauyin fiye da tan 13, a kan cibiyoyin nukiliyar Iran na Fordo da Natanz.

Magajin da ake jira

Wanda ake son ya maye gurbin waɗannan biyu shi ne B-21 na kamfanin Northrop Grumman. An bayar da kwangilarsa a 2015, aka nuna shi ga jama'a a watan Disambar 2022, ya fara tashi a watan Nuwambar 2023 a jihar Kalifoniya. Ya yi kama da B-2, amma bai kai shi girma ba, an kuma tsara shi yadda sauya masa na'urori zai yi sauƙi. Ana shirin sayen aƙalla 100, a kan kimanin dala miliyan 692 kowanne bisa darajar kuɗin 2022.

A ganin mai wannan rubutu, adadin nan shi ne ƙashin bayan al'amarin. Idan majalisar dokoki ta rage yawan da za a saya, farashin kowanne zai hau, hawan farashin kuma zai jawo ƙarin ragi, kamar yadda ya faru da B-2. Haka nan idan aka yi gaggawar ajiye tsofaffin kafin sababbin su wadata, an saki reshe ke nan an kama ganye.

Rasha da Sin

Rasha ma da tsofaffi take aiki. Jirginta Tu-95 mai farfela sa'an B-52 ne, domin shi ma a 1952 ya fara tashi, ko da yake waɗanda ke aiki yanzu yawancinsu ƙirar shekarun 1980 ne. Shirinta na sabon jirgi mai ɓuya wa rada, PAK DA, ya daɗe yana jan ƙafa, shi ya sa ta koma ƙera Tu-160 na zamanin Sobiyet a masana'antar Kazan, inda sabo na farko ya tashi a watan Janairun 2022. Sin kuwa tana dogara ne da H-6, wanda asalinsa kwaikwayon Tu-16 na Sobiyet ne, amma tana ci gaba da ƙera sababbi da injuna da makamai na zamani. A 2016 ta sanar da cewa tana aikin sabon jirgi mai dogon zango, wanda aka fi sani da H-20.

Shin magajin dole ne ya zama jirgi mai matuƙi?

Wasu masana suna ganin makamai masu linzami da jirage marasa matuƙi za su iya ɗauke wannan nauyi da kuɗi kaɗan. Masu kare jirgin kuwa suna kafa hujja da cewa makami mai linzami idan ya tashi ba ya dawowa, amma jirgi ana iya kiran sa ya juyo idan an sasanta, kuma yana zuwa ya dawo ya sake ɗaukar kaya. Har ila yau, bam mai nauyin tan 13 babu ƙaramin jirgin da zai ɗauke shi.

Abin da ya faru ranar 1 ga Yunin 2025 ya ƙara wa muhawarar zafi. Ƙasar Yukiren ta ɓoye ƙananan jirage marasa matuƙi a cikin manyan motoci, aka kai su kusa da sansanonin sojojin saman Rasha, har da na Belaya da ke can cikin Saiberiya, suka tashi suka ƙona jiragen Tu-95 da Tu-22M3 da dama a inda suke ajiye a fili. Kowane ɗaya daga cikin ƙananan jiragen bai kai kuɗin sabuwar mota ba, kuma waɗanda aka ƙona ɗin an daina ƙera irinsu tun farkon shekarun 1990, saboda haka babu masana'antar da za ta mayar wa Rasha da su.