Shekara nawa ya kamata yaro ya fara koyon dambe da kokawa?

A Tsafe da ƙauyukan Gusau da Bunguɗu, da zarar kaka ta yi, yara kan fara kokawa a kan yashi tun kafin su gama firamare. Wannan babu laifi. Yaro mai shekara 6 ko 7 ya isa ya koyi tsayuwa da riƙo da yadda ake faɗuwa ba a karye ba, kuma a kusan wannan shekarun ne makarantun judo da karate ke karɓar yara.

Dambe daban ne. Wasan mahauta ne tun asali, hannu ɗaure da zare, kuma kan abokin karawa ake nema. Wuyan yaro bai yi ƙwari ba, ƙwaƙwalwarsa ba ta gama girma ba, ga guringuntsin gaɓoɓinsa ba ya gama ƙarfi sai ya kusa shekara 16 zuwa 18. Shi ya sa a 2011 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta nuna adawa da sa yara damben boksin.

A ganina, yaro ya koyi kare kai da motsin ƙafa, ya sha kiɗan kalangu, amma kada uba ko ubangidansa ya tura shi fage kafin ya cika 18.