Wutar da Ke Cin Lagireto Daga Ciki

A garejin bakanike akan ga motar da aka sa wa sabon lagireto, amma kafin shekara ta zagayo ya fara yoyo ta wasu 'yan huji kamar na tsinin allura. Mai mota ya ɗora wa mai sayar da kaya laifin jabu, a kai wa mai walda ya toshe, wani hujin ya ɓullo a gefe. Sau da yawa wutar lantarki ce ta ɓace hanya ta shiga ruwan injin.

Kowace na'ura a mota, daga fitila zuwa fanka, tana karɓar wuta daga batir mai bolt 12, sannan wutar ta koma batir ta jikin ƙarfen motar. Wayoyi masu kauri ne ke haɗa kan batir na negetif da bodi da kuma injin. Idan suka yi tsatsa, ko suka kwance, ko aka manta da ɗaya bayan an sauke injin, ko fenti ya shiga tsakaninsu da ƙarfe bayan gyaran bodi, wutar takan nemi wata hanya. Ruwan da ke zagaya injin yana iya ɗaukarta, musamman ruwan rijiya ko na burtsatse da ake ɗurawa a garejojinmu, mai cike da gishirin ƙasa. Duk inda wutar ta bar ƙarfe ta shiga ruwa, tana tafiya da ɓurɓushinsa. Lagireton zamani kuwa na alminiyam ne, bututunsa sirara ƙwarai, shi ya sa shi da hitar cikin mota suke fara hujewa.

Akwai sanadi na biyu da ba ruwansa da waya. Injin yana da ƙarafa iri-iri, alminiyam da baƙin ƙarfe, wani lokaci da tagulla. Idan kulan, wato ruwan sanyaya injin, ya tsufa, sinadarin hana tsatsa da ke cikinsa ya ƙare, ruwan ya yi tsami, sai ƙarafan nan su riƙa samar da 'yar wuta da kansu, kamar yadda batir ke yi.

Mitar awon wuta ta mai wayarin ita ke raba gardama. Sai injin ya huce sarai kafin a buɗe marfin lagireto, domin ruwan ciki yakan wuce digiri 100 yana matse, ya watso ya ƙona mutum. A saita mitar a kan wutar batir, a ɗora baƙin tsinkenta a kan negetif, a tsoma jan a cikin ruwan ba tare da ya taɓa ƙarfe ba. Ɗan motsi kaɗan ba abin damuwa ba ne, don tsinken kansa ƙarfe ne. Masu gyara da yawa suna ɗaukar abin da ya haura bolt 0.3 a matsayin alamar matsala.

Daga nan sai a tayar da injin ana duban mitar, domin lokacin tayarwa ne ake jan wuta mafi yawa. A kunna fitilu, da fanka, da na'urar sanyaya mota, da rediyo, ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka kunna lambar ta yi tsalle, wayarsa za a bi. Kayan da aka ƙara daga baya, irin su manyan lasifika da ƙarin fitilu, su ake fara zargi. Idan kuwa komai a kashe yake, an ma cire kan batir na fozitif, amma lambar tana nan, to ruwan ne ya lalace.

Gyaran bai kai kuɗin lagireto ba: a kankare mahaɗar wayoyin har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure su tamau, a wanke hanyoyin ruwa, a zuba kulan irin wanda kamfanin motar ya tsara. Mai kauri ana gauraya shi rabi da rabi da tataccen ruwa. Wasu kan ɗaura wa lagireto ko hita waya zuwa bodi, alhali hakan na iya sauƙaƙa wa ɓatacciyar wutar hanya ta cikinsu. Bayan gyara a sake awo kafin a ɗaura sabon lagireto.