Ko Kun Sani?

A Amurka ta Arewa, mafarauta na kiran koyoti, wani ɗan'uwan dila, da ɗan usur da ake busawa da baki. Usur ɗin yana kwaikwayon kukan zomon da ya shiga hannu, sai koyoti ya sheƙo da zaton ya samu kalaci. Usur ɗin iri biyu ne: mai ɓoyayyen harshe ya fi sauƙi ga ɗan koyo, mai buɗaɗɗen harshe kuma yana fitar da muryoyi da dama, har da kukan koyotin kansa, wanda ya fi tasiri lokacin barbara, daga Janairu zuwa Maris. Sai dai a kula da iska, domin koyoti kan zagayo ya shinshina kafin ya matso.