Ruɗewar Masu Ciwon Hanta da Haƙƙinsu a Kan Dukiyar Zakka

Daga cikin koke-koken da kwamitocin masallatai ke miƙo mana, akwai na majinyatan da hantarsu ta ƙandare, likitoci suka ce sai dashe. Sau da yawa hankalin jama'a kan tafi ga kuɗin dashen, a manta da watanni ko shekarun jira, alhali a cikinsu ne ake rasa rayuka. Ɗaya daga cikin manyan jarrabawar wannan lokaci shi ne ruɗewar ƙwaƙwalwa.

Allah Ya halicci hanta ta zama matatar jini. Ƙwayoyin halittar da ke cikin hanji suna samar da wani sinadari mai suna amoniya, hanta kuma ta juya shi ya fita ta fitsari. Idan tabo ya mamaye ta, sai jinin ya kewaye ta, dafin ya isa ƙwaƙwalwa. Farkon alama ita ce juyewar barci: a kwana ido biyu, a wuni ana gyangyaɗi. Sai mantuwa, da saurin fushi, da rikicewar lissafi ko ƙirgen raka'o'i. Idan majinyaci ya miƙa hannuwa, sai a ga tafukansa suna kaɗawa kamar fukafukin tsuntsu. In aka yi sakaci, abin kan kai ga doguwar suma.

A nan ne ake yawan kuskure. Dattijo mai kamun kai ya fara sambatu, sai a ce sammu ne ko shafar aljanu, a ɗura masa jiƙe-jiƙen da ke ƙara wa hanta nauyi. Addu'a makamin mumini ce, amma neman magani ma umarni ne, kuma wannan ruɗewa takan warware idan an gano abin da ya tayar da ita: taurin bayan gida, zubar jini a ciki, zazzaɓi, ƙarancin ruwa a jiki, ko maganin barci. Aman jini, baƙin bayan gida, ko barcin da aka kasa tayar da mai shi, duk suna buƙatar asibiti nan take.

Jigon magani shi ne laktulos, ruwa mai zaƙi da ake sha kullum domin a yi bayan gida mai laushi sau 2 zuwa 3 a rana, dafin ya fita. Likita kan ƙara ƙwayar rifaksimin ga wanda ruɗewar ke dawo masa. Ba a hana majinyaci abinci mai gina jiki. Wake, ƙwai da nono suna taimakonsa, haka ɗan abinci kafin kwanciya. Doguwar yunwa na cutar da shi, don haka ya nemi shawarar likita kafin azumi, shari'a kuwa ta yi wa mara lafiya rangwame. Tuƙi da zama shi kaɗai ba nasa ba ne.

An fara samun nasarar dashen hanta a Amurka a 1967, amma mutanenmu har yau sukan nufi Indiya ko Masar, inda ɗan'uwa ke bayar da yankin hantarsa. Wanda bai isa can da sauran ƙarfi ba, ba zai jure aikin ba. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci fakirai da miskinai da masu bashi, kuma jinya takan mayar da magidanci duka ukun.

Saboda haka muke roƙon masu bayarwa su fifita tallafin wata-wata: magani, gwajin jini, kuɗin mota da abincin iyali. Kwamitoci kuma su kwaɗaitar da jama'a yin gwajin ciwon hanta nau'in B, da yi wa jarirai rigakafinsa cikin sa'o'i 24 da haihuwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya karɓi sadakar masu sadaka.