Ɗaurin Tsaiko da Gwiwar Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya ga ana ɗaura tsaikon rumbu a ƙauyukan Kabo ko Gwarzo ya san ba samun kara da gora ne wahalar aikin ba. Wahalar tana wajen igiya. Maɗauri yana jiƙa ramarsa, ya zagaya tanka, ya taka da ƙafa ya ja har sai ta yi ƙara. A wani wurin kuma da gangan zai sassauta, don in iskar farkon damina ta taso jinkar ta ɗan ba ta hanya, kada ta karye.

Irin wannan aiki ne ke gaban injiniyoyin da ke gina gwiwar mutum a kwamfuta. Sukan ɗauki hoton MRI, su yayyanka siffar ƙashin cinya da na ƙwauri da ƙoƙon gwiwa zuwa dubban gutsattsari, kwamfuta ta lissafa nauyin da ke sauka a kan kowanne. Ray Clough ne ya raɗa wa dabarar suna a 1960, injiniyoyin gini da na jirgin sama suka fara cin moriyarta, sai a 1972 aka gwada ta a kan ƙashi a ƙasar Holan.

Ƙashi ba ya ba su wuya sosai. Jijiyoyi huɗu da ke riƙe gwiwa, biyu a gefe, biyu sun gitta juna a tsakiya, su ne igiyar. Dole mai ginin ya yanke shawara: daidai ina jijiya ta kama ƙashi, a ɗauke ta kamar zare ɗaya mai miƙewa ko a ba ta cikakken kaurinta? Guringuntsi kuwa a manne yake da ƙashinsa, amma sulɓi yake yi a kan ɗan'uwansa. In ka ɗaure inda ya kamata ya zame, ka gina gwiwar da ba ta lanƙwasa. Abin da ya fi duka wuya shi ne tsaurin jijiya tun tana hutawa, domin hoto ba ya nuna shi, kamar yadda ido ba ya gaya maka ƙarfin da maɗauri ya sa a ƙulli sai ka taɓa.

Ahmet Erdemir na asibitin Cleveland Clinic a Amurka, wanda ya saki samfurin gwiwar kwamfuta mai suna Open Knee kyauta a 2010, ya haɗu da wasu rukunonin masu bincike huɗu, har da na Denba da na Okland ta Niyuzilan. Aka ba su hotunan gwiwa iri ɗaya, kowa ya ɗaure tasa, kuma gwiwoyin da suka fito ba su zo ɗaya ba.

Abin ya dame ni ne saboda mutanenmu. A tafiya gwiwa tana lanƙwasa wajen digiri 60, amma zaman tahiya da tsugunno suna kai ta 150 ko fiye, inda jijiyoyi da guringuntsin baya ke shan matsi na daban. Dattijuwar da aka kawo daga Gwarzo zuwa Asibitin Ƙashi na Dala, abin da za ta fara tambaya shi ne: "Likita, zan iya komawa sallah a ƙasa?" Ina fata injiniyoyin Jami'ar Bayero da likitocin Dala su zauna tare su ɗaure samfurin da aka gwada shi a kan wannan zama.